Tsagar da Ke Jiran Damina

A wani shagon atamfa a Kantin Kwari, wata mata ta daɗe gaban madubi. Mai shagon ya tanka.

"Hajiya, atamfar kike kallo ko fuskarki?"

"Fuskar nake hangowa sumul, babu tsagar nan. Likita ya ce zai goge ta, amma sai da damina, kada rana ta ɓata wurin kafin ya warke."

"Ai ga damina ta sauka."

"Ta uku ke nan ina ɗagawa. Innata ba ta gani, ba ta ji sosai. Sai ta shafa kumatuna take cewa, 'Gumsu ce.'"

"To sai yaushe?"

"Naɗe min turmin, Alhaji. Allah ya sa in ga damina ashirin ban yi ba."