Gaisuwar Baba Iliya Ta Fi Giga Huɗu

Da na dawo sai na iske gudoron, wato kwalta, ya shigo har cikin unguwarmu Zariya nan Maraɗi, shagon da muke cajin waya ya koma wurin sayar da gas, darbejiyar ƙofar gidanmu kuma an sare ta. Ku da na bari kuna lakwal, 'yan makaranta da gajeren wando, ga shi har kun kafa fada kuna dafa shayi da gemu. To ku zuba mini, tunda kun ce sai na ba ku labarin Lome.

Jar akuyar Inna aka kai kasuwa, da kuɗinta na shiga mota. A Lome na kama ɗaki wurin wata mata mai sayar da kifi, kullum sai ta leƙo ta ce ina cinye mata kuran, wato wutar lantarki.

"Madam, ƙwan fitila ɗaya ne fa."

"Da rediyo!"

"Na batir ne."

Haka muka zauna har na bar gidan.

Aiki na samu a wani situdiyo mai ɗaukar bidiyon biki. Da fari ɗaukar jaka nake, daga baya patoro, wato mai wurin, ya bar ni ina taɓa ordinatar, wato kwamfuta. Komi aka ɗauka aka adana, shi "fishiye" yake ce masa. Farkon zuwana na zaci sunan wani ma'aikaci ne da ba ya zuwa aiki, don kullum nemansa ake.

Mai gadin ginin ɗan Tsibiri ne, nan kusa da Maraɗi, Baba Iliya, Kirista, ya tsufa a Lome. Aka sa auren ɗiyarsa Rahila ran Asabar, shi kuwa ƙafa ta kumbura, likita ya hana shi doguwar mota. Ya ce, "Ɗana, ka ɗauke ni da injinku, in sa mata albarka ta gani da idonta."

Na kafa kyamara. Kun san tsofaffinmu. Kafin ya zo kan Rahila sai da ya bi dangi gida-gida, kowa da sunansa, da lafiyar shanunsa, da ta'aziyyar wanda ya rasu tun bara waccan. Wanda aka tsallake a irin wannan gaisuwa, ya riƙe ke nan har kabari. Ya fi awa yana yi.

Direban da zai kai saƙon Maraɗi zai tashi bayan azahar, babu wata mota kafin auren. Na sayo kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar a kwafi fishiye, sabo fil, babu komi ciki. Na jawo bidiyon, ordinatar ta ce ya yi girma. Na sa wani kile, haka. Na ɗauko babban diskin da muke ajiyar aiki, haka.

"Patoro, ga wuri fa da yawa, amma ta ƙi."

"Giga nawa?"

"Ya wuce huɗu."

"To shi ne. Tsohon tsarin da ke kan kile ba ya karɓar fishiye guda da ya wuce huɗu. Rumbunka babba ne, ƙofar ce ƙarama. Formate shi zuwa sabon tsari."

Na formate, ya shiga lafiya lau. Allah ya sa na ce bari in gwada a tsohuwar telen situdiyo. Tele ta ce babu komi a ciki. Baba Iliya ya leƙo ya ce ai ta gidansa ma irinta ce sak, shi ya aika da ita. Wato tele ba ta karanta sabon tsari, tsohon kuma ba ya ɗaukar bidiyon. Turawa ta waya, rezo, wato sabis, ba zai ja ba. Matse shi ya ƙanƙance kuwa, da wannan ordinatar tamu sai magariba.

Patoro ya ce, "Yanke gaishe-gaishen, ka bar albarkar."

Baba ya miƙe da kumburarriyar ƙafarsa. "A yanke wa? Ka faɗa mini wa za a yanke?"

Sai muka tsaya kan raba shi biyu ba tare da an zubar da komi ba. Na nemi inda ya tsaya ya kurɓi ruwa, na tsaga a nan, na mai da kile tsohon tsari, duka biyun suka shiga, tele ta gan su. Direba na ɗaure kaya na damƙa masa.

Shekaranjiya na je Tsibiri gaida matarsa, Mama Saratu. Ta ce ranar auren har waje aka fito da tele, Rahila ta yi kuka, kowa ya ji sunansa. Sannan ta rage murya.

"Wurin nan da ya sha ruwa, don girman Allah ba ka cire komi ba?"

"Ko tari ban cire ba, Mama."

Sai ta ba ni labari. Ashe wanta Barmo, mai noman zogale a Jiratawa, ya zauna tun farko har ƙarshe bai ji sunansa ba. Shi da Baba sun taɓa saɓawa kan gona, ban sani ba sai ranar. Da ya tashi zai tafi cikin fushi, sai Rahila ta ce masa ai tasa gaisuwar a tsakiya take, inji ya cinye. Ya koma ya zauna, har ya ci tuwo.

"In ya tare ka a kasuwa," in ji Mama, "inji ne."

Na ce inji ne.

Ta ce in ɗauke ta ita ma da wayata, tunda komawa zan yi. Na gyara zama, na zaci za mu kai la'asar. Ta dubi wayar ta ce, "Iliya, ka taho gida. In kumburi ne, ƙafar ta zo ta kumbura a nan." Shi ke nan, ta tashi ta koma kan tukunyarta.

Jibi da safe zan kama mota. Sani, in ka gama shan shayin nan ka karɓo mini jakata wurin tela, zip ɗinta na kai a gyara.