Kukan da Na Yi a Ɗakin Ajiyar Magani

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu saurare.

Sunana Sa'adatu, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a yankin Gwaram. Mu biyu ne a ɗakin haihuwa, ni da Yaya Binta. In aiki ya sha kanmu, mukan shiga ɗakin ajiyar magani mu tura ƙofa, mu dama fura, kowa ta amayar da abin da ke cinta. Da haka muke samun sauƙi.

Ranar da wata mai naƙuda daga Dingaya ta rasu a hannuna, a ɗakin nan na yi kuka har na gode Allah. Na gaya wa Yaya Binta ba na iya barci, ko allura ma tsoron ɗauka nake yi. Ta rungume ni ta ce, "Ƙanwata, maganar nan ta mutu a nan."

Malam, ba a jima ba wata mai ciki ta zo awo. Ina miƙa hannu ta ja da baya ta ce, "Yi haƙuri Malama, an ce aljanu sun taɓa ki. Zan jira Binta."

Ashe a gidan suna Yaya Binta ta baza ni!

Yanzu mata na layi a gabanta, ni ina zaune da safar hannuna. Furar ma na daina damawa.

Jama'a, ku ba ni shawara. Mu da muke share wa mutane hawaye, in namu ya zubo, wa za mu nufa?