Madugun da bai taɓa binne kowa ba

A kasuwar Gangara, Rahamatu ta tsuguna gaban wata tsohuwa mai ɗinkin salkar ruwa. Ayari biyu ke shirin tashi zuwa Makka, ita kuwa ta rasa wanda za su bi.

"Inna, kin san madugan nan? Mu uku ne, da maigida da ɗiyarmu Umma. Shekararta sha biyar, amma tana jan ƙafa."

"Me kika jiyo a kansu?"

"An ce Madugu Dodo nawar tafiya gare shi, kuma ya binne mutum tara a hanya. Ila kuwa bai taɓa binne kowa ba."

Tsohuwar ta tsinke zare da haƙori. "Ba a yi miki ƙarya ba. Ai binnewa sai an tsaya, 'yar nan. Ila ba ya tsayawa, ko wa ya faɗi."

"Ke yaya aka yi kika sani?"

"Mu ma mu uku muka bi shi. Na tona ramuka biyu da hannuna, na dawo gida da ƙafata."

Rahamatu ta hango Umma tafe daga bakin rijiya, tana ɗingishi.

"Inna, ɗinka mini salka manya guda huɗu. Tafiya da Dodo doguwa ce."