Ina Ruwa Ya Kwana?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Dagaci, Malam Liman, iyayenmu shugabannin ƙungiyar manoman rani, iyayenmu mata masu turara shinkafa, baƙinmu da suka taso daga Bagwai da Ɗanbatta, 'yan'uwana matasa, jama'a baki ɗaya, barkanmu da ganin wannan rana ta kammala girbi.

Sunana Uwais. Bara na gama karatun aikin gona, ƙungiya ta ɗora mini haɗa kan masu kula da ƙofofin ruwa, tun daga bakin madatsa har gonar ƙarshe. Ku yi mini uzuri, ban taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba. Na gode da amanar da aka ba ni, na gode da haƙurin da aka yi da ni. An ce in yi bayanin ɗan taron da muke yi kowace safiya a bakin babbar ƙofa, kuma abin da na gani da idona kaɗai zan faɗa.

Abu na farko, a tsaye muke yin sa, don kada ya yi tsawo rana ta ɗaga ba a buɗe ruwa ba. Ranar da muka fara, Baba Madu, dattijon da ke riƙe da ƙofa ta biyun ƙarshe, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, nan take matasa suka tsuguna gaba ɗaya. Na rasa yadda zan yi. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Wato ni ina zaune, ku kuna tsaye a kaina kamar an zo kama ni? To mu miƙe duka. Mai ciwon gwiwa irina ba zai bari a ja zance ba." Tun daga ranar, da ya fara sauya ƙafa kowa ya san lokaci ya yi.

Abu na biyu shi ne tambaya, kuma a nan ne muka kusa yin asara. Kowa yana faɗin abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tsaya masa. Biyun farko ba su ba mu wahala ba. Amma da an zo kan ta ukun sai a ce, "Babu komai, Alhamdulillahi." Haka aka rene mu, ba a kai kuka a gaban manya da sassafe.

Wata rana na bi magudanar ruwa har ƙarshe, inda Malam Mati yake da ƙofa da gona. Shinkafarsa ta ɗauki ciki, lokacin da ta fi bukatar ruwa, amma ganyenta ya naɗe, ƙasa ta tsattsage. Na ce, "Malam Mati, ai ɗazu ka ce mana lafiya lau." Ya ce, "Malam Uwais, ƙofar da ke sama da tawa ta Baba ce, 'yarsa ce a ɗakina. Ko sunansa ba na iya kamawa, sai in tsaya a gaban mutane in ce ruwa ba ya wuce ƙofarsa? Gara ta bushe." Na nemi izinin su biyun kafin in kawo wannan magana nan, kuma sun ba ni.

Na kai wa shugaban ƙungiya damuwata, muka yi shawara, muka sauya tambayar. Ba ma cewa me ya tsaya maka, ba ma cewa wa ya tare ka. Cewa muke, ina ruwa ya kwana a layinka? Wannan tambaya ba ta kama sunan kowa, wuri take nema.

Washegari da aka zo kan Malam Mati, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya kwana a kwalbatin tsamiya." Baba Madu ya juyo ya ce, "Tsamiya? Ai gindin ƙofata ke nan! Kai Mati, da kunyarka za ka ciyar mini da jikoki?" Aka yi dariya, Malam Mati ya rufe fuska da hula.

Abu na uku gajere ne: ba a tsayawa gyara matsala a wurin taro. Waɗanda abin ya shafa su ware, saura su kama aikinsu. Haka aka yi. Mutum uku suka bi Baba Madu da shebur, suka tarar yashi da ciyawa sun toshe kwalbatin. Ba wanda ya riƙe ruwan kowa. Kafin azahar ruwa ya shiga gonar.

Ba zan ce duk ta tsira ba, gefen gabas ya riga ya ƙone. Ba zan kuma ce taron ne ya ƙara mana amfani bana ba, don ban auna ba. Abin da na sani shi ne, shinkafar da iyayenmu mata suka dafa wa wannan taro, wadda ƙamshinta yake hana ku saurarona, daga gonar Malam Mati ta fito, kuma Baba Madu ne ya ɗauko buhun a kan babur ɗinsa.

Don haka roƙona ga shugabanni, roƙona ga matasa, idan rani ya dawo kada mu bar wannan tsayuwa, kada mu tsawaita ta, kada mu sauya tambayar.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sauƙaƙa wa Baba Madu gwiwarsa. Allah ya kai ruwa gonar ƙarshe kamar yadda yake kai shi gonar farko, ya mayar da baƙinmu gida lafiya.

Na gode.