Igiyar Baba Gajere a Rijiyar Yekuwa

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san zurfin kowane rami tun ba a gina shi ba. Sunana Ishaya, ɗan Magarya. Sana'ata ginar rijiya da yasarta. Fasto ya ce in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini, kada kuma in yi wa maganar kwalliya. Zan gwada, ko da yake kun san halina.

Tun ina lakkwal, wato makarantar boko, ni mai mafarki ne ido biyu. Littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, babu wanda ya shigo kasuwarmu ban karanta ba. Bayan su sai gidan bidiyo na bakin tasha, inda ake nuna yaƙin Amirka da ƴan kwaminis a ƙasar Biyetnam. Jirage masu saukar ungulu, daji kore shar, ga soja mai faɗin ƙirji ya saɓo ɗan'uwansa a kafaɗa harsashi na wuce shi. In na fito, har tafiyata takan canza. Ina ganin ni ne shi, Rifkatu ta ƙungiyar mawaƙa kuma ita ce ke jirana a gida da hawaye kamar raɓa a kan fure.

Amma gaskiyata ita ce, ni matsoraci ne. Duk ranar da na leƙa bakin rijiya, nakan ja da baya. Wani abokin aiki ya ba ni tramol, ya ce, "Haɗiye biyu, ko ramin kura ka shiga." Na haɗiye. Tsoro ya tafi. Biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama abin da ba na ƙirgawa. Ranar da ban sha ba, ƙasusuwana kamar ana sara.

Na rubuta wa Rifkatu wasiƙa shafi uku, na kira ta tauraruwar asubahin zuciyata. Ta maido mini da ita bayan sujada, a nan bakin ƙofa.

"Ishaya, rubutunka da daɗi," ta ce. "Amma idon da ya ga tauraruwar ja wur yake. Wa zan aura, kai ko ƙwaya?"

Na ji zafi, na je na ƙara biyu. Allah ya gafarta mini!

A wannan rani aka ɗauke ni aiki a wani purojen gyaran rijiyoyi. Aka ce mai kula da aikin Ba'amirke ne, tsohon sojan Biyetnam. Ban iya cin abinci ba don murna. Zan ga jarumina ido da ido!

Sai ga wani ɗan tsoho siriri, bai kai kafaɗata ba, da hular kaba da takalmin roba. Mutanen ƙauyuka sun daɗe da saninsa, suna ce masa Baba Gajere, shi kuma yana amsawa da dariya. Hausarsa ta nuna, sai dai a magana yakan mai da mace namiji.

Na ce, "Baba, da gaske ka yi yaƙin Biyetnam?"

Ya ce, "Na yi."

"Mutum nawa ka harbe?"

Ya dubi igiyar da ke hannuna, ya ce, "Igiyarka ta sile a nan. Canza ta."

Dokokinsa biyu ne. Injin jan ruwa mai shan esansi, wato fetur, ba ya shiga cikin rijiya, a sama yake zama, don hayaƙinsa na kisa. Kuma kafin mutum ya sauka, a zura fitila mai ci cikin guga. In wutar ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci, babu mai shiga. Shi kansa kuwa ban taɓa ganin ya sauka ba. Ko leƙawa zai yi, sai ya riƙe wani abu da hannu biyu. Muka riƙa yi masa ba'a a bayan ido. Ni ne ma na fi kowa: "Wannan ne sojan? Kila tuwo yake dafa musu."

Ranar da abin ya faru muna Yekuwa, a wata tsohuwar rijiya da yashi ya cike. Baba ya tafi gaida mai gari. Tiyon injin bai kai ruwa ba. Na sha ƙwaya tun da safe, kaina na gaya mini ni sarkin duniya ne. Na ɗaure injin da igiya, na zura shi har rabin rijiyar, na bar shi yana aiki. Malam Habu, shugaban maginanmu, dattijo Musulmi da ya riƙe ni kamar ɗansa, ya ce, "Kai Ishaya, fitila fa?"

Na ce, "Malam, fitila ta tsofaffi ce."

Na sauka. Na tuna sanyin laka a ƙafata, da wari, da bakin rijiya can sama kamar farin wata. Na ɗaga shebur sau biyu. Daga nan ban san komai ba.

Sauran labarin a bakin Malam Habu na ji shi. Da suka kira ban amsa ba, suka ja igiyata, ta taho babu kowa, don na kwance ta. Samari biyu suka yi wuf za su faɗa, Malam ya tare su. Mata suka sa salati. Sai ga Baba Gajere a guje, hularsa ta faɗi a hanya. Ya sa aka fitar da injin, aka ɗaura tabarma a igiya ana zurawa ana jawowa don iska ta motsa. Sa'an nan ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya riƙi wata a hannu.

Malam ya ce, "Baba, shekarunka! Bari in shiga."

Ya ce, "Malam, kai ka fi ni nauyi, kuma kai ka san jan igiya. Ni na san ɗaure mutum cikin duhu. In na ja sau uku, ku fitar da yaron tukuna."

Malam ya ce leɓen tsohon na motsi da addu'a cikin harshensu. A haka ya zura ƙafa.

Can sai aka ji ya ja igiya sau uku. Ƴan'uwa, mazan Yekuwa ne suka ja ni, Musulmi, suna kabbara. Bayana suka jawo Baba, yana amai, fuskarsa kamar toka. Aka ɗora mu a amalanke zuwa bakin hanya, mota ta kawo mu gidan likita a Magarya. Gadona kusa da nasa. Haleluya!

Kashegari da hantsi na ce, "Baba, ashe kana shiga rami."

Ya juyo, ya ce, "Ka tambaye ni yaƙi. Yau zan gaya maka."

Ya ce yana saurayi aka kira shi soja. An gaya musu za su je su hana ƴan kwaminis na arewa cinye kudancin ƙasar. Suka je da jirage da bama-bamai, abin da ido bai taɓa gani ba. Mutanen kuwa suka shige ƙasa. Da ƴar fartanya da kwando suka gina hanyoyi a ƙarƙashin daji, har da ɗakin jinya da madafa.

"Ishaya, ban taɓa ganin magina kamarsu ba," ya ce. "Da kai da Malam kun ga aikin, da kun cire hula."

Ramukan matsattsu ne, ƙato ba ya shiga. Sai aka zaɓi ƙanana irinsa, a ba mutum tocila da ƙaramar bindiga, ya shiga da rarrafe. Wata rana abokinsa ya riga shi shiga, bai fito ba. Aka ce Baba ya bi shi. Ya kai bakin ramin, jikinsa ya ƙi. Da aka samu wani ya shiga, abokin ya riga ya cika.

"Daga baya muka kwashe kayanmu muka koma gida, ƴan arewa suka ci ƙasar. Mutanensu da suka mutu ba su ƙirguwa. Ni kuma na koma da ramin a cikina. Na zuba masa giya shekara da shekaru, bai cika ba. Yesu ne ya karɓe kwalbar daga hannuna. Amma rami, tun ranar ban sake shiga ba sai jiya."

Na ce, "Ba ka ji tsoro ba?"

Ya yi dariya har da tari. "Tsoro? Kamar in mutu! Na ce, Ubangiji, ni ba zan iya ba, kai ka riƙe igiyar." Ya miƙo hannu. "Lokotoro da ya duba ka ya sami ƙwaya a aljihunka. Ni na san idon nan, na daɗe ina ganinsa a madubi."

Na fashe da kuka. Duk jaruman da na kalla, babu wanda ya taɓa cewa yana tsoro. Ga jarumi na gaskiya a gabana, ƙafafunsa ba su kai ƙarshen gado ba, yana faɗa da bakinsa.

Muka sauko muka durƙusa a kan siminti. Na ce, "Yesu, ni matsoraci ne, ni mashayi ne, ni maƙaryaci ne. Na kwance igiyata da hannuna. Ka ɗaure ni kai da kanka." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Kada in yi muku ƙarya, kwanakin da suka biyo baya sun yi wuya. Zufa, rawar jiki, ciwon gaɓoɓi. Sau ɗaya na kai har gaban mai teburin da ke sayar da ƙwaya, na miƙa hannu, sai na tuna Baba yana zura ƙafa cikin rijiya duk da tsoronsa. Na juya. Rifkatu takan aiko mini da kunu ta hannun innarta, babu ko kalma ɗaya. Ni kuwa na karanta kunun nan fiye da kowace wasiƙa.

Bayan na warke muka koma Yekuwa, don aikin bai ƙare ba. Na kunna fitila da hannuna, na zura. Ta sauka tana ci, ta dawo tana ci. Babu ƙwaya ko ɗaya a jikina.

Na ce, "Baba, ina jin tsoro."

Ya ce, "Madalla. Yanzu ka zama magini."

Malam Habu ya ce, "To sojan bidiyo, sauka mana, rana na yi!"

Na sauka, na yashe rijiyar. Har yau ita ƙauyen ke sha.

Baba ya koma ƙasarsu, ƙarfinsa ya ragu. Ya bar mini igiyar. Rifkatu kuwa ga ta can a layin mawaƙa da goyon ɗanmu, tana hararata don na daɗe a tsaye.

Na gode wa Allah da ya ɗauko tsoho daga ƙarshen duniya, ya bi da shi ta ramin da ya fi tsoro, don ya fitar da ni daga nawa. Ɗan'uwa, in akwai abin da kake haɗiyewa don ka iya fuskantar gobe, kada ka jira sai tsoro ya tafi. Zo da shi a hannunka, ka gaya wa Yesu. Shi ba ya sakin igiya. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!