Na Miyar Sojan Ruwa

Kwale-kwalena na sayar da taruna biyu, kakarku ta ƙara da tunkiyarta, da haka na bar Yawuri zuwa Jidda. Ku gyara zama, ku ji yadda kifi ɗaya ya kusa dawo da ni gida ba shiri.

Kafilina, wato ubangidan da zamana a ƙasar yake hannunsa, sunansa Abu Faisal. Gidansa na Abhur, bakin teku. Ni dai har na baro garin "Abuhuru" nake cewa, suna ta yi mini dariya. Aikina wanke jirgin ruwan shaƙatawarsa, fari tas, har da ɗaki da firji a ciki. Mutumin kirki ne, sai dai faɗa. Ran da ya miƙo mini iƙama, takardar zama ke nan, cewa ya yi, "Mushkila ɗaya, halas, Najeriya!" Ya yi da hannu kamar jirgin sama na tashi, wai matsala ɗaya in na jawo, shi ke nan, sai gida. To ni da na sayar da kayan sana'ata, in koma in yi me?

Da ya gane ni ɗan ruwa ne sai ya fara sakar mini tuƙi. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka fita da abokansa uku. Ran nan kifi kamar a yi yaya! Su da sandunansu masu tsada, ni da zare da ƙugiya a hannu, na fi su duka. Suka ci shinkafa da rago suka yi nak, suka shige ɗakin sanyi suka bar ni da sitiyari.

Can sai na hango wani jirgi ruwan toka a tsaye, da mutane cikin kaki. Kun san al'adarmu a kogi. In ka yi kamu, ba ka wuce jirgin mutane ba ka gaishe su ka jefa musu na miya ba, balle masu gadin ruwa. Abin kunya ne. Akwai wasu abubuwa rawaya jere a kan ruwan, na ɗauka gorunan tarun wani ne, har na lallaɓa ta tsakaninsu don kar in yi masa ɓarna. Na zaɓi kifin da ya fi girma, na ɗaga sama, na nufe su ina washe baki.

Sai jiniya. Sai lasifika, "Waggif! Waggif!" wai in tsaya. Abu Faisal ya fito a guje ba ko takalmi.

"Ya majnun! Mamnu'u! Wurin soja ne!" Wai ni mahaukaci ne, an hana shiga nan.

"Gaisuwa zan kai, yallaɓai."

"Gaisuwa? Ka kashe ni!"

Kafin ya rufe baki sun iso da bindigoginsu, sun karɓe takardun kowa. Wani matashin soja, baƙi kamar ni, ya riƙe iƙamata yana jero tambayoyi. Wallahi na tsorata, na ga Najeriya ƙiri-ƙiri. Ɗan Larabcin nawa ya gudu, ga kifi har yanzu a hannuna. Da Hausa na ce, "Ranka ya daɗe, na miya ne na kawo muku."

Ya tsaya yana kallona. "Na miya?" in ji shi, da wata Hausa karkatacciya. "Kakata... tana faɗi haka."

Ya juya ya yi wa babbansu bayani. Babban ya dubi kifin, ya dube ni, ya so ya gintse, dariya ta ƙwace masa. Suka bincike jirgin kaf, suka ja wa Abu Faisal kunne. Matashin ya nuna mini gorunan rawaya. "Wannan, a'a. Ka gani, ka juya." Na miƙa kifi, ya girgiza kai, wai aiki ya hana. Sannan ya miƙo mini iƙamata da hannu biyu, ya ɗan rusuna yadda aka koya masa a gida.

"Baba, a gai da gida."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Kwana uku Abu Faisal bai kula ni ba. Na huɗu ya kira ni gaban baƙinsa, ya sa aka ba ni matashin kai a madadin kifi, wai in nuna yadda na yi. Suka yi ta faɗuwa don dariya. Shekara tara na ƙara a wurinsa, na dawo da kuɗin jirgi mai inji.

Ran da na iso Yawuri, ban ajiye jaka ba sai da na tara mutanen gida kaf. Na ce musu, "Wani soja a Jidda yana gaishe ku. Shekara tara ina riƙe da saƙonsa."