Ni Na Kai Gawar Sanusi Gida

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da wannan shiri, ya aiki, ya jama'a?

Sunana Buba, makiyayi ne ni a wata ruga ta ƙasar Safana. Abokina Sanusi ɗan jarida ne, ɗan manoman Wagini. Duk sanda rikici ya tashi, shi kaɗai yake zuwa rugarmu ya ce, "Buba, na ji ta bakin 'yan ƙauye, saura naku."

A hanyar Batsari 'yan bindiga suka harbe shi a kan babur. Ni na tsinci gawarsa, na ɗora a jakina na kai garinsu.

Washegari wata tashar rediyo ta ce Fulani ne suka kashe shi. Wata kuma ta ce ai dama Sanusi infoma ne, mai kai wa ɓarayin daji bayanai. Babu wanda ya zo ya tambaye ni, kuma ni kaina ban ga maharan ba.

Yanzu 'yan ƙauye ba sa amsa sallamata, 'yan ruga kuma cewa suke na jawo musu masifa. Ba ni da abokin hira sai rediyo.

Malam, ina so in yi wa mahaifiyarsa ta'aziyya, amma ina jin tsoro. In je, ko in haƙura?